Asibiti Sun Ce Ofishin Walwala, Ofishin Walwala Sun Ce Asibiti: Ina Zan Dosa da Ɗana?

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a wata ƙaramar hukuma da ke wajen birnin Kano. Ɗana na biyu shekararsa huɗu. Kwana uku da haihuwarsa shawara ta kama shi, idonsa da jikinsa suka yi ɗorawa. Muka yi ta jiƙe-jiƙe a gida, sai da ya daina kama nono muka kai shi asibiti. Allah ya raya shi, amma har yau wuyansa bai gama tsayuwa ba, ba ya zama sai an tokare shi, ba ya magana, kuma ina zargin ba ya ji sosai. Wani lokaci yakan sanƙare. A asibiti an ce galahanga ce, a riƙa kawo shi gashi. Da na ce ba ni da kuɗin mota da na magani, aka ce in je ofishin walwalar jama'a. Sau uku ina zuwa suna cewa wannan maganar lafiya ce, in koma asibiti. A makarantar unguwarmu an ce babu malamin irinsa. Mahaifinsa ɗan tebur ne, kuma ya fara gajiya. Uwar mijina ta ce ɗan ruwa ne, asibiti ɓarnar kuɗi ce. Wata maƙwabciya kuma ta ce in riƙa zama da shi a ƙofar masallacin Juma'a. Goyonsa ya fara fin ƙarfina. Akwai hukumar da alhakin irin ɗana yake wuyanta, ko in haƙura in zauna?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yaron nan lafiya, ke kuma ya saka miki.

Kada ki zauna. Amma ba zan ɓoye miki ba, babu wata hukuma guda da za ki je ki sauke mata wannan kaya gaba ɗaya. An rarraba nauyin ɗanki gida-gida. Asibitin mazaɓarku yana ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko. Manyan asibitocin jiha wata hukuma ce daban take riƙe da su. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala kuwa na gwamnatin tarayya ne. Walwalar jama'a tana hannun ma'aikatar harkokin mata ta jiha da wani sashe a sakatariyar ƙaramar hukuma. Makarantar firamare kuma ta hukumar ilimin bai-ɗaya ce. Kowane gida da kasafin kuɗinsa, da shugaban da yake jin tsoro, kuma ba su da kundi guda da za a buɗe a ga sunan ɗanki. Likitan da ya duba shi ba zai ɗauki waya ya kira jami'in walwala ba. Abin da yake haɗa su a aikace takarda ce, wadda ke fita daga wannan tebur ta faɗa wancan, kuma a ƙasar nan uwa ce take ɗaukar takardar da ƙafarta.

Ina kyautata zaton sau ukun nan da kika je ofishin walwala, da baki kika je. Jami'in da ke zaune a wurin ba shi da ikon fitar da ko kwabo bisa labarin da aka ba shi. Sai ya buɗe fayil, ya rubuta wa na sama da shi, kuma abin farko da za a tambaye shi shi ne shaidar likita. Da ya ce ki koma asibiti, rabin gaskiya ya faɗa miki, ya haɗiye sauran rabin. Kamata ya yi ya ce ki koma ki karɓo rahoto a rubuce ki dawo. Ban wanke shi ba, don wanda ya ga mace da goyon ɗan shekara huɗu har sau uku ya kamata ya yi mata bayani. Amma tunda an ƙi faɗa miki, ga shi na faɗa.

Ranar da za ki koma wurin likitan yara, ki roƙe shi rahoton lafiya mai sa hannu da hatimin asibiti. Kada ya tsaya a sunan ciwo kawai. Ya rubuta abin da yaron yake iyawa da wanda ba ya iyawa, sannan ya jera abin da yake buƙata ɗaya bayan ɗaya: gashi, maganin sanƙarewa idan an tabbatar da ita, gwajin ji, kujerar zama da aka auna da jikinsa. Dalili shi ne ofisoshin taimako ba sa amsa "a taimaka mana". Abin da suke iya amsawa shi ne buƙata mai suna, wadda za a iya yi wa kuɗi. Wataƙila a nemi ki biya wani abu kafin a ba ki rahoton, kuma ba lallai ya fito a rana ɗaya ba. Ki daure, kuɗin nan ya fi na kowace mota da kika taɓa shiga amfani. Idan ya fito ki yi masa kwafi biyar ko shida. Na asalin kada ya bar hannunki, ko wa ya nema. Ki samu jakar roba mai zif ki haɗa shi da katin asibiti, katin rigakafi, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, lambar NIN taki da tasa, da ƙananan hotunansa. Ki saka ɗan littafi a ciki. Duk ofishin da kika shiga ki rubuta kwanan wata, da muƙamin wanda kika gani, da abin da ya ce. Ma'aikaci yakan gyara zama idan ya ji an ce "ranar kaza na zo, kuka ce in kawo kaza, ga shi na kawo".

Kafin ki fita daga harabar asibitin akwai wata ƙofa da mutane kan shekara suna wucewa ta gabanta ba su san aikinta ba. Asibitocin koyarwa da yawancin manyan asibitocin gwamnati suna da sashen walwalar marasa lafiya, wanda ma'aikata ke kira soshal welfiya. Nan ne lafiya da walwala suke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya. Aikinsu su binciki halin da iyali ke ciki, su ba hukumar asibiti shawarar a yi rangwame ko a yafe wasu kuɗaɗe, su haɗa mabuƙaci da masu hannu da shuni da ƙungiyoyin da ke zuwa biya wa marasa lafiya, su kuma rubuta wasiƙa zuwa ma'aikata ko ƙaramar hukuma. Ki ce wa likita ya tura ki can a rubuce. Za su yi miki tambayoyi har ki ji kamar tonon asiri: nawa maigida yake samu, gidan haya ne ko na gado, yara nawa. Ki faɗi gaskiya, kada ki ƙara kada ki rage, don wani lokaci sukan bincika. Asusunsu ba shi da auki, masu nema kuma sun yi yawa, don haka ban ce za a ɗauke miki komai ba. Sai dai wasiƙar da ta fito daga teburinsu zuwa ofishin walwalar ƙaramar hukumarku, magana ce ta abokin aiki zuwa abokin aiki. Wuya ne a ce wa mai riƙe da ita ta koma inda ta fito.

Sai maganar inshora, wadda nake so ki bi da gaggawa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa wani asusu da ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso nasa na biya wa marasa galihu ne. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta lissafa waɗanda ake nufi da masu rauni, cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu nakasa. Kin ga ɗanki ta ƙofa biyu ya cancanta, ɗayar kuma tana gab da rufewa tunda ya kusa cika biyar. A Kano hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, ita ke yin rajistar. Ki fara da shugaban asibitin mazaɓarku, ki tambaye shi ko asibitin yana cikin shirin da kuma lokacin da ake ɗaukar sunaye. Ki kuma tambayi ofishin walwala ko gidanku yana cikin rajistar marasa galihu, domin sau da yawa daga wannan kundi ake zaƙulo waɗanda za a saka: ɓangaren walwala ya kawo suna, ɓangaren lafiya ya biya magani. Gurabe ƙayyadaddu ne. Kuma kada ki sa rai katin zai saya masa kujera ko na'urar ji. Amfaninsa shi ne zazzaɓi da tari da gudawa, waɗanda irin yaran nan suke yawan yi, su daina cinye kuɗin da za ki kai shi gashi.

Akwai kuma dokar da ya kamata ki san da zamanta, ko don ki daina shiga ofis kamar mai roƙo. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, a 2020 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Dokar ta ce mai nakasa yana da haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, makarantun gwamnati su karɓe shi tare da sauran yara, a kuma fara sallamarsa idan ana bin layi. Ta yi tanadin takardar shaidar nakasa, wadda ita ma sai da shaidar likita ake bayarwa. Kin ga mun sake dawowa kan rahoton nan. Tsakanin abin da ke rubuce da abin da za ki tarar akwai tafiya mai nisa, wannan kowa ya sani. Duk da haka wanda ya san haƙƙinsa daban ake yi masa magana. Dokar nan kuma ta haramta amfani da mai nakasa wajen bara, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ki gode wa maƙwabciyarki, ki bar mata shawararta. Ko babu doka, yinin rana a ƙofar masallaci, a kwance cikin ƙura, shi ne abin da zai ƙarasa ƙandarar da gaɓoɓinsa.

Bari in tsaya kan ciwon kansa, don na ji alamar kina ɗora wa kanki laifi. Shawarar jarirai ciwo ne da shawarwarin gida kan sa a makara da shi. Kowa ya zo barka da nasa maganin, mai jego kuma ba ta da bakin musu. Idan sinadarin da ke sa jiki ya yi ɗorawa ya yi yawa a jinin jariri, yakan ratsa ƙwaƙwalwa ya taɓa wurin da ke sarrafa motsi, sau da yawa har da jijiyar ji. Abin da ya taɓu ya taɓu, babu allura ko jiƙon da zai mayar da shi, duk wanda ya ce miki yana da shi kuɗinki yake so. Amma tabon ba ya yaɗuwa. Abin da ke lalacewa idan aka zauna shi ne jiki: jijiyoyi su ɗaure, gaɓoɓi su lanƙwashe, baya ya karkace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga wani abu da nake so ki riƙe da kyau. Da yawa daga yaran da shawara ta yi wa wannan illa hankalinsu yana nan, jiki ne ya ƙi ba su haɗin kai, kunne kuma ya toshe musu hanyar koyon magana. Sai a yi ta kallon yaro a matsayin wanda bai san komai ba, alhali yana lura da kowa. Shi ya sa gwajin ji yake gaba da kujera a wurina. Ki nemi a tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai gwajin da ake yi da na'ura yaro yana barci, ba sai ya amsa komai ba. Idan abin ya fi ƙarfin inda kuke, akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kafin nan ki riƙa yi masa magana kina fuskantarsa, ki nuna masa abu biyu ki bar shi ya zaɓa da ido ko da hannu. Za ki sha mamakin abin da ya sani.

Sanƙarewar nan ma kada ki bar ta a matsayin halinsa. Idan ta taso ki ɗauke shi a waya ki nuna wa likita, don a bambance ko farfaɗiya ce ko ɗaurewar jiki, maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan farfaɗiya ce, ana shawo kanta da magani, amma ba a tsayar da shi rana tsaka don ya ƙare ko don an ga sauƙi. Ki riƙa neman wani tun saura na mako guda. Lokacin da abin ya taso ki kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. Abinci kuma a zaune, kansa a tsaye, kaɗan-kaɗan. Ɗura a kwance ita ke kai abinci huhu.

Game da gashi, ki faɗa wa mai gashin ƙashin gaskiya cewa zuwa duk mako ya fi ƙarfinku. Ba ke ce ta farko da ta faɗa masa haka ba. Ki roƙe shi ya koya miki abin da za ki riƙa yi a gida safe da yamma, ya bar ki ki ɗauka a waya, ya kuma tsawaita muku ranar dawowa. Rabin awa kullum a kan tabarmarki ya fi awa guda a asibiti sau ɗaya a wata. Shi ne kuma zai auna masa kujera. Kekunan da ake rabawa a taruka yawancinsu na manya ne, yaron da wuyansa bai tsaya ba zamewa zai yi a ciki ya ƙara karkacewa. Kekunan hannu da masu lalurar shan inna suka daɗe suna ƙerawa a Kano sun taimaki mutane da yawa, amma na mai ƙarfin hannu ne, ba na ɗanki ba. Da awon da aka rubuta, kafintan unguwa zai iya haɗa kujerar katako mai tokare baya da gefe da ɗan tebur a gaba. Ki sa a yi miki kiyasin kuɗinta a rubuce, ki haɗa da rahoton likita da wasiƙar mai unguwa ko dagaci, ki kai ofishin walwala da Hukumar Zakka da Hubusi. Bayanki ma yana da haƙƙi a kanki.

Wurin bin layin gashi, ki saki jiki da sauran iyaye mata. Su suka san ranar da wane likita yake zama, da kantin da magani ya fi sauƙi, da ƙungiyar da ta zo rabon kaya. Haka ma haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, JONAPWD, tana da reshe a jiha, kuma idan gwamnati ko wata ƙungiya za ta yi rabo sau da yawa ta hannun shugabanninsu ake neman sunaye. Ki sa sunan ɗanki ya shiga wurinsu.

Makaranta ba ta ƙure ba tukuna. Makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki an fi saninta da kurame da makafi, ga ta kuma a cikin birni, don haka sakamakon gwajin ji ne zai nuna ko hanyarku za ta bi ta can nan gaba. A yanzu ki wuce shugaban makarantar unguwa ki je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da jakarki. Ko awa biyu ce a ajin rainon yara, a kan kujerarsa, yayarsa ko yayansa na leƙa shi, ta fi zaman ɗaki.

Uwar mijinki kuwa, kada ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba. Abin da ta taso ta ji ana faɗa take faɗa, kuma ita ma jikanta ne. Ki ce, "Inna, goyon ya yi mini nauyi, ki raka ni ki riƙe mini jaka." Ranar da ta zauna a wurin gashi ta ga yara irinsa cike da benci, wasu sun fara zama, wasu suna takawa da ƙarfe, ta ji hirar kakanni 'yan'uwanta, maganar ɗan ruwa za ta yi sanyi ba tare da kin ce uffan ba. Addu'a da tofi a ci gaba, ba sa karo da asibiti. Inda za ki kafe shi ne tsaga, da ƙona fata, da turara hayaƙi, da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, da duk wata magana ta kai shi bakin ruwa. Nan kam ko za a ce kin yi rashin kunya, ki sa mahaifinsa ya tsaya.

Shi ma maigidan, ina jin gajiyarsa ta ganin kuɗi na fita ba ya ganin canji ce, wataƙila yana jiran ranar da yaro zai miƙe ya ruga. Ki sa ya shiga wurin likita sau ɗaya ya ji da kunnensa me ake fata da me ba a fata. Sannan ki raba muku aikin: ke asibiti da gashi, shi mai unguwa da sakatariya da hukumar zakka. Ba kuɗi kika nema ba, ƙafa kika nema. Abin takaici ne, amma a ofisoshinmu da yawa ana saurin sauraron magidanci fiye da mace mai goyo. Ku yi amfani da hakan.

Idan Allah ya kawo wani rabon, ki faɗa wa masu awo tun zuwan farko cewa kin taɓa haihuwar jaririn da shawara ta yi wa illa, a duba rukunin jininki da na maigida. Ki haihu a asibiti, ki raba kayan jariri da ƙwallayen kafur, don suna tayar da shawara ga wasu jarirai. Kullum ki duba idonsa da dasashinsa a hasken rana cikin makon farko. In kin ga ɗorawa, ranar za ku tafi, ba a jiran suna. Shuɗiyar fitilar da ake sa jarirai a ƙarƙashinta tana sauke ciwon idan an zo da wuri.

Wannan watan abu biyu kawai nake so ki sa a gaba: rahoton likita da ranar gwajin ji. Idan sun samu ki sake rubuto mini abin da aka ce game da kunnen, daga nan mu san wace makaranta za a nufa.